Antibodi da ƙwayar HIV: Yadda jiki ke iya toshe mata ƙofa, da abin da ya hana a samu rigakafi har yau

Duk wanda ya taɓa miƙa yatsa aka ɗebi ɗigon jininsa don gwajin HIV, ko a asibiti ko a shirye-shiryen ɗaurin aure kamar yadda dokar da Jihar Kano ta kafa a 2024 ta wajabta, akwai abin da ba kasafai ake tsayawa a yi masa bayani ba. Galibin 'yan robobin gwajin gaggawa ba ƙwayar cutar suke nema ba. Abin da suke nema shi ne antibodi, wato makaman da jikin mutum da kansa ya ƙera don yaƙar ta. Layi biyu a kan robar na nufin jiki ya ga abokiyar gaba, ya kuma ɗauki makami.

A nan abin ɗaure kan yake. A cutar ƙyanda, samun antibodi a jini albishir ne: mutum ya warke ko an yi masa rigakafi, kuma da wuya ta sake kama shi. A HIV kuwa, antibodi shaidar kamuwa ce kawai. Kusan duk mai ɗauke da ƙwayar yana da su jingim, amma ba su raba shi da ita.

Wannan tufka ce ta sa alkawarin da Margaret Heckler, sakatariyar lafiya ta Amurka, ta yi a watan Afrilun 1984 na cewa ana sa ran fara gwada allurar rigakafi cikin shekara biyu, ya zama abin da masana ke tunawa da murmushin takaici. Shekara 40 bayan nan, a 2024, alƙaluman hukumar UNAIDS sun nuna mutum miliyan 40.8 na ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 1.3 kuma sun kamu a wannan shekarar kaɗai. Binciken ƙasa da Najeriya ta gudanar a 2018 ya ƙiyasta nata kason da mutum miliyan 1.9.

Sai dai an gano cewa akwai wasu antibodi na daban, waɗanda ke iya tare HIV tun daga bakin ƙofa.

Mene ne antibodi?

Antibodi furotin ne mai siffar reshe mai baki biyu, kamar gwafa. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B ne ke ƙera shi. Hannuwansa biyu su ke kama baƙon abu, kuma kowane antibodi da irin siffar da yake iya kamawa. Gindinsa kuwa kamar tuta ce: idan hannuwan sun kama, gindin na kiran wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye ko su kashe abin da aka kama.

Ba kowane kamu ne ke da amfani ba. Antibodi na iya manne wa ƙwayar cuta a wurin da bai dame ta ba, ta ci gaba da harkarta. Wanda ake nema shi ne mai daƙilewa, wato wanda ke kama daidai gaɓar da ƙwayar ke buɗe ƙofa da ita. Akasarin alluran rigakafin da suka yi nasara, irin su na ƙyanda da shan-inna da shawara, da irin wannan antibodi suke kare mutum.

Ana kuma iya aron antibodi daga wani jiki. Maganin sarar maciji da ake yi wa manoma a asibitin Kaltungo da ke Gombe antibodi ne da aka tace daga jinin dawaki ko tumaki. Jariri ma da antibodin mahaifiyarsa yake zuwa duniya, shi ya sa ɗan da mai HIV ta haifa kan iya nuna layi biyu har zuwa wata 18 ko da bai kamu ba.

Ƙaya ɗaya tilo

Ƙwayar HIV ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Idan aka jera guda dubu goma, da kyar za su wuce milimita ɗaya. Tana lulluɓe da mayafin kitse, kuma mayafin ba nata ba ne, daga fatar ƙwayar jinin da ta fito ta yage shi. Saboda haka garkuwar jiki ba ta ganin baƙunta a jikinsa. Abu ɗaya tak na ƙwayar cutar da ke leƙowa waje shi ne wasu ƙayoyi da suka tsiro a kan mayafin. Duk wani antibodi da zai hana HIV shiga, a kan wannan ƙaya zai yi aikinsa.

Kowace ƙaya an gina ta da furotin iri biyu, uku-uku. Na sama, mai kama da kan naman kaza, shi ne gp120. Na ƙasa, wanda ya kafe a cikin mayafin kamar turke, shi ne gp41.

Shigar tana bin mataki-mataki. Da farko gp120 zai kama wani maƙali mai suna CD4 a jikin wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda masu karɓar magani suka sani da ƙwayoyin CD4 saboda ƙirga su da ake yi a asibiti. Wannan kamu na sa ƙayar ta buɗe, ta fito da wani ɓoyayyen sashe da zai kama maƙali na biyu, CCR5 ko CXCR4, waɗanda aka gano rawarsu a 1996. Daga nan sai gp41 ya miƙe ya soki fatar ƙwayar jinin, sannan ya naɗe kansa ya jawo fatocin biyu har su haɗe su zama ɗaya. Kayan cikin ƙwayar cutar su zube ciki. Ba da jimawa ba ta kwafe rubutun gadonta ta cusa shi a cikin na mutum, kuma daga wannan lokaci ta samu maɓoyar da magungunan da ake da su yanzu ba sa iya fitar da ita.

Antibodi na iya ɓata kowane ɗaya daga cikin matakan nan. Yana iya zama a gurbin da CD4 zai shiga, ko ya ɗaure kan ƙayar ya hana ta buɗewa, ko ya riƙe turken ya hana shi naɗewa. Wani abu kuma da ke ƙara wa masu bincike ƙwarin gwiwa shi ne, a mafi yawan kamuwa ta hanyar saduwa tsakanin mace da namiji, ƙwaya guda ɗaya ce ke tsallakawa ta kafa zuriya. Ke nan idan akwai antibodin da ya dace yana jira tun kafin ta iso, aikin da ke gabansa ba mai yawa ba ne.

Yadda take zille wa kamu

HIV na da dabaru da dama, kuma haɗuwarsu wuri guda ce ta bambanta ta da sauran ƙwayoyin cuta.

Babba daga ciki ita ce rigar sukari. Kusan rabin nauyin gp120 sarƙoƙin sukari ne da suka rufe shi kamar ciyayi a kan bango. Injinan ƙwayar jinin mutum ne ke ɗaura mata su, saboda haka iri ɗaya ne da sukarin da ke jikin furotin ɗin mutum. Garkuwar jiki kuwa an hore ta tun farko kada ta taɓa nata. Ɓarawo ne sanye da rigar maigida.

Sai rikiɗa. Sinadarin da HIV ke kwafar kanta da shi ba ya duba kuskure. Rubutun gadonta bai kai haruffa dubu goma ba, kuma kusan duk kwafi sai an samu harafin da ya sauya. A jikin wanda ba ya shan magani ana iya ƙyanƙyashe ƙwayoyi kimanin biliyan goma a rana ɗaya. Masana sun kwatanta cewa bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin HIV na jikin mutum ɗaya bayan 'yan shekaru ya yi kusa da bambancin ƙwayoyin murar fulu ta duniya baki ɗaya a shekara guda. Tsakanin manyan dangogin HIV kuwa, furotin ɗin ƙayar na iya bambanta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dangin B ne ya fi yawa a Turai da Amurka, C a kudancin Afirka da Indiya. A Najeriya G ne da wani gauraye mai suna CRF02_AG, wanda samfurinsa na farko da aka bayyana daga Ibadan ya fito.

Akwai kuma ƙarancin ƙayoyin. Ƙwayar fulu na da ɗaruruwa, HIV kuwa goma sha 'yan kai kawai. Da farko wannan na kama da rauni, amma kariya ce. Ƙarfin antibodi na cikin kamawa da hannu biyu, kuma idan ƙayoyin sun yi nesa da juna sai dai ya kama da hannu ɗaya, riƙon ya yi sako-sako.

Bugu da ƙari, ƙayar ba ta da ƙwari, takan farfashe. Ɓaraguzan gp120 na yawo a jini, kututturan gp41 kuma na tsaye a kan mayafin. Garkuwar jiki na afka wa waɗannan da dukan ƙarfinta, tana ƙera tarin antibodin da ba su san siffar ƙaya mai aiki ba. Irinsu ne ke fara bayyana makonni kaɗan bayan kamuwa, kuma su ne robar gwaji ke gani. Allurar rigakafin kamfanin VaxGen, ta farko da ta kai babban gwaji, da gp120 guda-guda aka haɗa ta. Sakamakon 2003 ya nuna ta haifar da antibodi sosai, ba ta kuma kare kowa ba.

Bayan watanni jiki kan ƙera antibodi mai daƙilewa na gaske. Amma wasu bincike biyu da aka wallafa a 2003 sun nuna yadda tseren ke kasancewa: jinin da aka ɗiba yau na iya daƙile ƙwayar da ke jikin mutumin watanni shida da suka wuce, ba ya iya daƙile ta yau. Kullum ihu bayan hari. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin CD4 da HIV ke kashewa su ne masu taimaka wa ƙwayoyin B su gyara makamansu.

Jikin da ya gano lagon

Ɓarawo na iya sauya riga kullum, amma ba zai sauya mabuɗi ba muddin kwaɗon bai sauya ba. Maƙalin CD4 na ɗan Adam iri ɗaya ne a ko'ina, don haka gurbin da ke kama shi a kan ƙayar ba zai rikiɗa sosai ba sai ƙwayar ta nakasa kanta. Haka ƙololuwar ƙayar inda kawunan uku suka haɗu, da wani gungun sukari a gefenta, da gindin gp41 dab da mayafi, da mahaɗar gp120 da gp41. Waɗannan ne wuraren rauni.

A cikin masu ɗauke da HIV, tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 jikinsu kan kai ga ƙera antibodin da ke daƙile nau'o'i da yawa, galibi bayan shekara biyu zuwa huɗu. Kimanin kashi 1 cikin 100 ne nasu ke da ƙarfi da faɗi na ban mamaki. Irin waɗannan ake kira antibodi masu faɗin kamu, ana taƙaita sunansu da bNAb. Abin takaici, ba sa warkar da mai su. Kafin su nuna, ƙwayar jikinsa ta riga ta rikiɗa ta tsere musu. Amfaninsu na wani ne daban, wanda ƙwayar da zai gamu da ita ba ta taɓa fuskantar su ba.

An samu 'yan ƙalilan a shekarun 1990, irin su b12 da 2G12 da 2F5 da 4E10, sai dai ba su da ƙarfin a-zo-a-gani, daga nan aka yi fiye da shekara goma ba sabon labari. Al'amarin ya sauya a 2009. Ƙungiyar IAVI ta tara jinin mutum kusan 1,800 daga nahiyoyi daban-daban, kuma daga jinin wani ɗan Afirka aka fitar da PG9 da PG16. A 2010 cibiyar binciken rigakafi ta hukumar NIH ta Amurka ta sanar da VRC01, wanda ke zama a gurbin CD4, ya kuma daƙile kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in da aka gwada a ɗakin bincike. Ɗakin binciken Michel Nussenzweig a Jami'ar Rockefeller ya fitar da 3BNC117 da 10-1074. Yanzu an san ɗaruruwa.

Duk wanda ya bi tarihin nan zai lura da yawan jinin Afirka a cikinsa. Wata mata a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, wadda aka sani da lambar CAP256 kawai, ta kamu da HIV, sannan bayan 'yan watanni ta sake kamuwa da wani nau'in. Cibiyar CAPRISA da ke Durban ta bi jininta shekara da shekaru, kuma daga gare ta aka samo ɗaya daga cikin antibodi mafi ƙarfi da aka taɓa gani a kan dangin C. Wani mutumin Malawi, mai lamba CH505, shi ya ba masu bincike na Jami'ar Duke damar ganin yadda ƙwaya da antibodi ke rikiɗa tare tun daga makonnin farko. Kwaikwayon ƙayar da aka fi amfani da shi a ɗakunan bincike na duniya, BG505, daga ƙwayar wani jariri ɗan mako shida a Kenya aka gina shi.

Da aka duba siffar waɗannan antibodi sai aka gane dalilin ƙarancinsu. Ƙwayoyin B na gyara makamansu ne a cikin kaluluwa, inda suke sassauya rubutun antibodi kaɗan-kaɗan, wanda ya fi iya kamu ya rayu. Antibodin da aka saba gani kan sauya da 'yan kashi kaɗan cikin 100. VRC01 ya sauya da kusan kashi 30, aikin shekaru ke nan. Wasu kuma, irin su PG9 da na CAP256, suna da wani yatsa mai tsawon gaske da ke ratsa ciyayin sukari ya taɓo furotin da ke ƙasa, kuma jikin ɗan Adam ba kasafai yake ƙera mai irin wannan tsawo ba. Wasu sun yi kusa da kama sassan jikin mutum, don haka jiki kan kashe ƙwayoyin B masu ƙera su tun suna ƙanana.

Shanu ba su da wannan matsala, domin antibodinsu da dogon yatsa aka halicce shi. A wani bincike da aka wallafa a 2017 an yi wa shanu huɗu allurar BG505, dukansu kuma suka ƙera antibodi masu faɗin kamu cikin ƙasa da wata biyu. Kafin masu tallar magani a tasha su ji labari, ya kamata a faɗa ƙarara: wannan ba ya nufin nono ko jinin saniya na maganin HIV.

Gwajin da ya faɗi, ya kuma tabbatar

A jikin birai an daɗe da nuna cewa aron antibodi na hana kamuwa. A kan wata cutar ma an ga amfaninsa a jikin mutane: ɗaya daga cikin magungunan Ebola da aka amince da su a 2020 antibodi ne da aka samo daga wani da ya tsira daga annobar Kikwit ta 1995 a Kongo, kuma ƙayar mayafin ƙwayar Ebola yake kamawa.

Gwajin HIV mai suna AMP ya fara a 2016 da mutum sama da 4,600. Ɓangare ɗaya a Amurka da Peru da Brazil da Switzerland, ɗayan kuma mata 1,924 a Afirka ta Kudu da Botswana da Kenya da Malawi da Mozambik da Tanzaniya da Zimbabuwe. Ana yi musu ƙarin ruwa mai ɗauke da VRC01 duk bayan mako takwas har sau goma, wasu kuma ruwan gishiri zalla don a kwatanta.

Sakamakon ya fito a Janairun 2021. A jimlace, haƙa ba ta cim ma ruwa ba, domin bambancin kamuwa tsakanin rukunonin bai taka kara ya karya ba. Amma da aka binciki ƙwayoyin da suka kama mutane sai aka ga wani abu. A kan nau'o'in da VRC01 ke kamawa da ƙarfi, kariyar ta kai kusan kashi 75 cikin 100. Matsalar ita ce irin waɗannan nau'o'i kashi 30 ne kacal na waɗanda ke yawo a cikin jama'a. Kashi 90 na ɗakin bincike ya zama wani abu daban a jikin mutum, inda ake buƙatar antibodi mai yawa da ƙarfi fiye da yadda aka zata.

Darasin bai bambanta da na magungunan ARV ba: ɗaya ba ya isa, sai an haɗa biyu ko uku masu kama wurare daban-daban. An kuma gano wani ɗan gyara a gindin antibodi, mai laƙabin LS, da ke sa ya daɗe a jini har a yi tunanin allura sau biyu a shekara.

Akwai abin lura ga mai karatu a wannan yanki. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a gwajin AMP, kuma antibodi na da zaɓen dangi. Na CAP256 ya fi ƙarfi a kan C, ya yi rauni a kan B. Shi kuma 10-1074 ba ya taɓuka abin kirki a kan nau'in da ya fi yawa a Thailand. Haɗin da aka auna da ƙwayoyin Durban ko New York ba dole ne ya dace da na Makurɗi ko Maraɗi ba, sai an gwada.

Ga waɗanda suka riga suka kamu

Tun da gindin antibodi na kiran sauran dakarun jiki, ana binciken ko zai iya ba mai HIV hutu daga shan ƙwaya kullum. A gwajin RIO da aka yi a Birtaniya da Denmak da maza 68, waɗanda aka ba haɗin antibodi biyu suka dakatar da ARV ƙarƙashin kulawar likitoci. Bayan mako 20, kusan uku cikin huɗu ƙwayar ba ta farfaɗo ba, alhali a ɗaya rukunin kusan ɗaya cikin goma ne. A Durban an gwada wani haɗin a kan mata 20, huɗu daga cikinsu suka wuce shekara ba magani. A Botswana, yara 11 cikin 25 sun yi mako 24 da antibodi kaɗai. Waɗannan ƙananan gwaje-gwaje ne, a kan mutanen da galibinsu suka fara magani da wuri, kuma yawanci sai an fara auna ko ƙwayar mutum na jin antibodin. Har yanzu babu wata hukumar magunguna da ta amince da bNAb ko ɗaya, kuma dakatar da ARV ba tare da likita ba ganganci ne.

Inda antibodi zai fi saurin amfani wataƙila wajen jarirai ne. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ke kamuwa daga iyaye mata, kuma wani kaso na faruwa ne lokacin shayarwa. An gwada allurar antibodi a ƙarƙashin fatar jarirai aka ga ba ta da illa mai tsanani. Allurar da za a iya haɗawa da ranakun rigakafin yara ta fi sauƙi ga uwar da ke ɓoye halinta daga dangin miji a kan maganin ɗurawa kullum.

Ga manya kuwa, an samu kishiya. Lenacapavir, allurar da ake yi sau biyu a shekara, ba antibodi ba ce. A gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Yuganda babu ko ɗaya cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa ita da ta kamu. Farashinta a Amurka ya haura dala 28,000 a shekara, amma an cim ma yarjejeniyar samar da kwafinta a kan dala 40 daga 2027. Antibodi, wanda a cikin rayayyun ƙwayoyin halitta ake noma shi kuma sai da firji, zai sha wuya kafin ya sauko wannan farashi.

Koya wa jiki da kansa

Babban burin dai shi ne rigakafin da zai sa jiki ya ƙera bNAb da kansa. Alluran da ba su bi wannan hanya ba duk sun gaza: RV144 a Thailand ta ba da kariyar kashi 31 cikin 100 a 2009, aka gyara ta aka kai Afirka ta Kudu, aka dakatar a 2020. Imbokodo ta bi sahu a 2021, Mosaico da PrEPVacc a 2023.

Sabuwar dabarar ta yi kama da karatun allo, daga babbaƙu zuwa farfaru. Kakannin ƙwayoyin B da za su iya zama masu ƙera irin VRC01 suna nan a jikin kusan kowa, amma ɗaya ne cikin dubban ɗaruruwa, kuma ba su ma gane ƙayar HIV ta gaskiya. Don haka ake ƙera wani furotin na musamman da zai tashe su. Allura ta biyu ta ɗan fi kama da ƙayar, ta uku ta fi ta biyu, har a kai ga ta ainihi. A gwajin farko, wanda William Schief na cibiyar Scripps ya tsara furotin ɗinsa aka kuma wallafa a Disambar 2022, mutum 35 cikin 36 jikinsu ya amsa. An maimaita da fasahar mRNA a Amurka, da kuma Ruwanda da Afirka ta Kudu, aka samu amsa makamanciya, ko da yake wasu sun yi fama da borin jini. Waɗannan matakan farko ne na doguwar tafiya, kuma ba a kai ga allurar da ta haifar da bNAb mai kare mutum ba.

Idan an kai, wata matsala na jira a wuraren da gwajin aure ya zama doka: wanda aka yi wa irin wannan rigakafi zai iya nuna layi biyu alhali ba ya ɗauke da komai, sai an koma gwajin da ke neman ƙwayar kanta.

Wa ke biya?

Mafi yawan kuɗin binciken rigakafin HIV daga baitulmalin Amurka yake fitowa, kuma 2025 ta nuna haɗarin hakan. A 2023 hukumar USAID ta ba wata haɗaka mai suna BRILLIANT dala miliyan 45, ƙarƙashin jagorancin majalisar binciken lafiya ta Afirka ta Kudu, domin masanan Afirka su tsara su kuma gwada alluran rigakafi a ƙasashe takwas, ciki har da Najeriya. A Janairun 2025, ana saura kwanaki a fara gwajin farko, umarnin gwamnatin Donald Trump na dakatar da tallafin ƙetare ya tsayar da aikin, masu binciken suka bazama neman kuɗi a wasu wurare. A ƙarshen Mayu kuma aka sanar da manyan haɗakokin Duke da Scripps, waɗanda suka jagoranci aikin bNAb, cewa ba za a sabunta tallafinsu ba.

Laifin bai tsaya a Washington ba. Nahiyar da ta ba da jinin da aka samo PG9 da CAP256 da BG505, ta kuma ba da dubban matan da suka miƙa hannu a gwajin AMP, ba ta da ta cewa sosai kan wane haɗi za a fara gwadawa, a kan wane dangin ƙwaya, da kuma nawa za a sayar. A watan Afrilun 2001, a taron ƙoli kan cutar ƙanjamau da tarin fuka da aka yi a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayyar Najeriya, mai masaukin baƙi a wannan taro, ba ta taɓa kaiwa ba ko sau ɗaya, kuma a galibin shekarun nan kasonta na kai-kawo ne a kusa da kashi 5.